Gwajin Ruwan Burtsatse a Gidajen Ɗalibai na Briqueterie

Ruwan burtsatse shi ne wanda ake haƙa rami mai zurfi da inji domin a kai gare shi, a zura bututu, sannan famfo ya turo shi zuwa tanki. A Yawunde, babban birnin Kamaru, foraj ake ce masa. A unguwar Briqueterie, inda Hausawa suka yi kaka-gida tun zamanin mulkin mallaka, yana cikin abubuwan da mai gidan haya yake fara ambata idan ɗalibi ya zo neman ɗaki. Ɗaliban da suka taso daga Garwa, Marwa, Ngaundere ko ƙasar Cadi sukan so zama a unguwar saboda masallatai da abincin gida da 'yan'uwa, ko da kuwa karatunsu yana Ngoa-Ekellé, inda Jami'ar Yawunde ta Ɗaya take, ko can Soa, mazaunin ta Biyu. Suna tambayar kuɗin haya da wuta da tsaro. Kaɗan ne daga cikinsu suke tambayar yaushe aka gwada ruwan gidan, alhali shi za su sha safe da yamma har shekarar karatu ta ƙare.

Dalilin yawaitar burtsatse a birnin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin ruwa na Camwater, wanda gwamnati ta kafa a 2005, ya daɗe yana dogaro da matatar Akomnyada da ke bakin kogin Nyong kusa da Mbalmayo, da kuma ta Mefou a Nkolbisson, kuma abin da suke bayarwa bai taɓa isar jama'ar da ke ƙaruwa kullum ba. A 2024 aka ƙaddamar da aikin jawo ruwa daga kogin Sanaga, wanda aka tsara zai riƙa ba da kubik mita 300,000 a rana. An samu sauƙi, amma tsofaffin bututun cikin unguwanni ba su sabunta dare ɗaya ba, kuma wanda ya riga ya kashe kuɗi ya haƙa burtsatse ba zai rufe ta ba. Saboda haka za a daɗe ana shan ruwan ƙasa a gidajen haya.

Kafin maganar gwaji, dole a fahimci ƙasar da ruwan yake fitowa daga cikinta. Yawunde gari ne na tuddai da kwaruruka, yana kan tsayin kimanin mita 750 daga teku, kuma yana samun ruwan sama na wajen milimita 1,600 a shekara, cikin damina biyu: ɗaya daga Maris zuwa Yuni, ɗaya daga Satumba zuwa Nuwamba. A sama akwai jar ƙasa mai kauri, a ƙarƙashinta kuma dutse. Rijiyar da aka haƙa da hannu tana ɗibar ruwan da ke kwance cikin jar ƙasar, burtsatse ta gaskiya kuwa sai ta huda dutsen ta tarar da ruwan da ke bin tsage-tsagensa, wanda sau da yawa sai an wuce mita 40. Briqueterie tana kan gangare mai sauka zuwa ƙoramun Abiergué da Ekozoa, masu zuba cikin kogin Mfoundi. Gidaje a cunkushe suke, bango na jingine da bango. Birnin ba shi da babbar magudanar ƙazanta da ta game gari, in ban da wasu 'yan rukunin gidajen gwamnati, don haka kusan kowane gida yana da masai ko ramin ba-haya a cikin harabarsa. Ƙa'idar da ma'aikatan tsafta suka fi bi ita ce a bar mita 30 tsakanin masai da inda ake ɗibar ruwa, kuma gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. A unguwa irin wannan, samun wannan tazara abu ne mai wuya ƙwarai. Ko mai gida ya nisanta masansa, na maƙwabci yana bayan katanga, kuma na gidan da ke kan tudu yana tsiyayowa zuwa ga na ƙasa. Binciken da masana suka sha yi a kan rijiyoyi da maɓuɓɓugan Yawunde ya nuna ƙwayoyin cutar ba-haya a da yawa daga cikinsu, musamman a kwaruruka masu cunkoso.

Zurfi yana taimakawa, amma bai isa hujja ba. Abin da ke kare burtsatse shi ne yadda aka gina ta: a cike gefen bututun da siminti daga sama zuwa mitoci da dama, a ɗaga bakinta sama da ƙasa, a yi mata daɓe mai gangara da murfi mai rufuwa sosai. Idan mai haƙa ya yi rowar siminti, ruwan kwata yakan bi gefen bututun ya gangara har ƙasa, sai zurfin ya tashi a banza. Tsagin dutse kuma ba ya tace ruwa kamar yadda yashi yake yi, yana iya ɗauko ƙazanta daga nesa cikin ɗan lokaci. Akwai kuma abin da sabon ɗalibi ya kamata ya lura da shi: gidaje da yawa da ake cewa suna da foraj, rijiyar hannu ce aka saka wa zoben siminti da injin turo ruwa. Ruwan yana fitowa ta famfo kamar na burtsatse, amma daga saman ƙasa yake, daidai inda masai yake zubarwa.

Yawancin matasan unguwar sun karanta hukuncin ruwa a Ishmawi ko Risala tun suna ƙanana, sun san cewa ana duba launi da ɗanɗano da wari kafin a yi tsarki da shi. Wannan hukunci ne na ibada, kuma yana nan daram a muhallinsa. Ingancin ruwa don sha wata mas'ala ce dabam, wadda ido da hanci da harshe ba sa iya yanke ta. Ƙwayoyin da ke kawo kwalara da taifot da atuni da shawara ba su da launi, ba su da wari. A 1854 annobar kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a unguwar Soho ta birnin Landan, kuma likita John Snow ya gano cewa famfon titin Broad ne tushenta. Mutane suna yabon ruwan wannan famfo, har wata mata da ta ƙaura zuwa wata unguwa mai nisa takan aika a ɗebo mata shi saboda daɗinsa, ita ma cutar ta kashe ta. Daga baya aka tarar rijiyar ba ta kai mita ɗaya ba daga wani tsohon ramin ƙazanta. Kamaru ta san kwalara tun 1971. Yawunde ta sha fama da ita a 2011, kuma annobar da ta ɓarke a ƙasar a Oktoban 2021 ta tsananta a birnin cikin 2023.

Taifot ta fi kwalara wuyar ganewa, domin takan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ta bayyana. Ɗalibi zai kwanta da zazzaɓi da ciwon ciki, ya ɗora laifin a kan tsiren da ya ci jiya ko a kan sauro, ya sha magani ya warke, ya koma kan ruwan da ya kwantar da shi. Idan mutum biyu ko uku a gida ɗaya suna ta maimaita irin wannan ciwo cikin zango ɗaya na karatu, ruwan gidan ne abin da ya kamata a fara tuhuma.

Gwaji iri biyu ne, na ƙwayoyin cuta da na sinadarai, kuma na farko ya fi gaggawa. Ɗakin gwaje-gwaje ba ya bin kowace cuta ɗaya bayan ɗaya. Yana neman wata ƙwaya ce mai suna E. coli, wadda take zaune a hanjin mutum da dabba. Samun ta a ruwa shaida ce cewa ba-haya ya shiga, kuma duk hanyar da ta biyo, kwalara da taifot za su iya biyowa. Ana tace mililita 100 na ruwan, a ajiye matacin a wuri mai ɗumi na kimanin kwana ɗaya, a ƙirga abin da ya tsiro. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko ɗaya. A ma'aunin da ake amfani da shi wajen tantance haɗari, 1 zuwa 10 haɗari ne kaɗan, 11 zuwa 100 matsakaici, abin da ya haura 100 kuwa babba ne. Wannan rabe-rabe don a san wurin da za a fara gyarawa aka yi shi, ba don a halatta shan mai ɗauke da biyar ba. Takardar sakamako a Yawunde galibi da Faransanci take zuwa, kuma layin da za a fara dubawa shi ne na Escherichia coli ko coliformes fécaux, inda ake rubuta adadin da UFC/100 ml. Sifili ake so a gani a nan.

A gwajin sinadarai, naitiret ne ya fi shafar unguwa mai cunkoso, domin daga masai da juji yake fitowa. Iyakarsa miligiram 50 a lita. Babban mutum ba ya jin komai nan take, amma jaririn da ake dama wa madara da irin wannan ruwa jininsa yakan kasa ɗaukar iska yadda ya kamata, har leɓɓansa su yi shuɗi. Gidajen haya na Briqueterie ba na ɗalibai kaɗai ba ne, akwai ma'aurata da masu goyo, don haka wannan layi ya shafi kowa. Yawan naitiret kuma yana tona asirin cewa masai yana haɗuwa da ruwan, ko da ranar gwajin ba a ga ƙwayar cuta ba. Sai ma'aunin tsami, wato pH, wanda ake so ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Ruwan ƙasan Yawunde yakan faɗi ƙasa da haka. Tsamin kansa ba guba ba ne, sai dai yana cin bututun ƙarfe da kan famfo na tagulla, ya narko da dalma, wadda iyakarta miligiram 0.01 ce kawai a lita, kuma tana illa ga ƙwaƙwalwar yara. Sinadarin ƙarfe idan ya wuce miligiram 0.3 yana jajanta bokiti da fararen kaya, yana ɓata ɗanɗano, amma haɗarinsa ga lafiya kaɗan ne.

Akwai sinadaran da dutse da kansa yake bayarwa, kuma su ne suka fi nuna cewa zurfi ba ya wanke ruwa daga zargi. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa wajen 2000, jama'a sun sha ruwan wata burtsatse mai zurfi da fuloraid ɗinta ya ninka iyakar miligiram 1.5 fiye da sau uku. Haƙoran yara suka dafe, ƙasusuwan ɗaruruwa daga cikinsu suka lanƙwashe, nakasar da ba ta da magani. Ruwan garai-garai yake, kuma gwajin da zai fallasa shi ba mai wuya ba ne. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyin bututu tun daga shekarun 1970 don a tsere wa gudawa, sai a 1993 aka tabbatar da arsenik a cikinsu, bayan miliyoyin mutane sun daɗe suna sha. A Kamaru ma an san matsalar fuloraid a yankin Mayo Tsanaga na Arewa Mai Nisa. Ba lallai a tarar da waɗannan a Yawunde ba, amma kowace sabuwar burtsatse ta cancanci cikakken gwajin sinadarai sau ɗaya kafin a fara shan ruwanta.

Wurin gwaji bai yi wa mazauna Briqueterie nisa ba. Cibiyar Pasteur ta Kamaru, wadda aka kafa a 1959, tana Messa kusa da Babban Asibitin Yawunde, kuma tana da sashen da ke gwada ruwa da abinci. Akwai kuma ɗakunan gwaji a jami'a da wasu masu zaman kansu. Abin da ya dace shi ne a fara zuwa a tambayi kuɗin da ranakun karɓa, a kuma karɓo kwalbar da aka kashe ƙwayoyin cikinta, domin tsohuwar robar lemo, ko an wanke ta da sabulu, tana ɓata sakamako. Wajen ɗiba, mai ɗibar ya wanke hannu, ya cire tiyo ko tsumman da aka ɗaura a bakin famfo, ya goge bakin da javel, wato ruwan kulorin na wanki, ko ya ɗan babbaka shi da wuta in na ƙarfe ne, ya bar ruwan ya zuba na minti biyu zuwa uku. Sannan ya buɗe kwalbar ba tare da yatsa ya taɓa bakinta ko cikin murfin ba, ya cika ta ya bar ɗan sarari a sama, ya rufe, ya rubuta wuri da rana da sa'a. A saka ta cikin kula mai ƙanƙara a kai ta cikin awa shida. Abin da ya kwana ya wuce awa 24 ba a dogara da shi. In an zuba wa ruwan kulorin, a faɗa wa ma'aikatan tun farko, domin kwalba dabam suke bayarwa.

Inda aka ɗebi ruwan yana da muhimmanci daidai da yadda aka ɗebe shi. Mai gida yakan so a ɗiba daga bakin burtsatse, inda ruwan ya fi tsafta. Ɗalibi kuwa ba daga nan yake sha ba. Ruwan yana hawa tanki, ya kwana a can, ya bi bututu, ya shiga jarka, ya zauna a ɗaki. Tankin da murfinsa ya fashe yana karɓar ƙura da kashin tsuntsu da ƙadangare, bututun da ya ratsa kwata yana tsotsar ƙazanta duk lokacin da aka ɗauke wuta ruwan cikinsa ya janye. In kuɗi ya isa, a gwada wuri biyu, bakin burtsatse da famfon da ake sha, domin bambancin da ke tsakaninsu shi zai nuna inda ɓarnar take. In bai isa ba, famfon sha ne kan gaba.

Lokaci ma yana sauya sakamako. Ruwan da ya fito da tsafta a watan Janairu, tsakiyar rani, yana iya gurɓata a Oktoba idan ƙasa ta jiƙe, ruwan ƙasa ya taso ya tarar da ramukan masai. Gwajin damina shi ne mai faɗin gaskiya, kuma Allah ya sa farkon shekarar karatu yana faɗawa cikin babbar damina, lokacin da ɗalibai suke kama ɗakuna. Gwajin ƙwayoyin cuta a yi shi aƙalla sau ɗaya a shekara, sau biyu ya fi a wuri mai cunkoso. A sake shi bayan ambaliya, bayan an ciro famfo an gyara, bayan maƙwabci ya haƙa sabon masai, da duk lokacin da launi ko wari ya sauya, tunda ruwa ba ya tsami banza. Takardar da mai gida zai nuna ta shekara huɗu da suka wuce labarin ruwan wancan lokaci take bayarwa.

Akwai 'yan kayan gwaji na hannu, kuma ya kamata a san iyakar kowanne. Ƙaramar kwalba mai takardar sinadari, wadda ruwan cikinta yake baƙi bayan kwana ɗaya ko biyu idan akwai ƙwayoyin ƙazanta, tana da amfani a matsayin gargaɗi. Haka 'yan tsinkayen takarda masu auna naitiret da pH da kulorin. Amma na'urar nan mai kama da alƙalami da masu tallan matatar ruwa suke tsomawa a kofi, gishirin da ya narke kawai take aunawa. Ruwa yana iya nuna adadi kaɗan a jikinta alhali yana cike da kwalara.

Ɗalibi ɗaya ba ya iya wannan aiki shi kaɗai, kuma ba shi da bakin fuskantar mai gida. Gida mai ɗaki goma sha biyar kuwa, in aka yi karo-karo, kuɗin gwajin ba zai fi ƙarfin kowa ba. Hanyar da ta fi dacewa da al'adar unguwar ita ce a wakilta mutum biyu ko uku su je wurin mai gida cikin ladabi, su nuna masa cewa iyalinsa ma daga wannan tanki suke sha, kuma takarda mai kyau daraja ce ga gidansa. In ya ƙi, akwai limami da mai unguwa da dattawan da ake jin maganarsu, akwai kuma ofishin tsafta na ƙaramar hukumar Yawunde ta Biyu. Dokar ruwa ta Kamaru mai lamba 98/005, ta 14 ga Afrilun 1998, ta ɗora wa mai ba jama'a ruwan sha alhakin tabbatar da ingancinsa. Wannan ya shafi masu burtsatsen da ke sayar da ruwa jarka-jarka ga maƙwabta, da masu yin sadaka da shi a bakin titi. Sadakar ruwa aikin lada ne babba, kuma gwada shi yana cikin cikar sadakar. Idan sakamako ya fito, a manna kwafinsa kusa da famfo, da kwanan watansa a fili, domin ɗaliban da za su zo baɗi su san inda aka tsaya.

Idan aka samu E. coli, matakin farko shi ne a daina shan ruwan haka nan tun daga ranar. Tafasawa ita ce hanya mafi tabbas: ya tafasa sosai na minti ɗaya, a bar shi ya huce a rufe. Inda gas ko gawayi ya yi tsada, kulorin yana aiki. Javel mara turare mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, ɗigo biyu ya ishi lita ɗaya ta ruwa mai haske, a jira minti 30. Sai dai ƙarfin javel ɗin kasuwa ya bambanta, dole a karanta jikin robar. Ƙwayoyin kulorin na Aquatabs sun fi sauƙin aunawa, kowace da adadin litar da aka rubuta mata. Ruwa mai gurɓi sai an bar shi ya kwanta an tace tukuna, domin laka tana cinye kulorin. Ana kuma iya cika robar ruwa mai haske a shanya ta a rana na awa shida, ko kwana biyu in akwai hadari, wanda a Yawunde ba baƙon abu ba ne. Duk waɗannan hanyoyi ƙwayoyin cuta kawai suke kashewa. Ba sa cire naitiret ko dalma ko fuloraid, tafasawa ma ƙara yawan naitiret take yi saboda ruwan yana raguwa. In matsalar ta sinadari ce, sai a nemi wani ruwan don sha da girki, musamman ga jarirai da masu ciki. Ruwan da aka tsabtace kuma a ajiye shi a jarka mai ƙaramin baki da murfi, a riƙa tsiyayawa. Bokitin da kowa yake tsoma moɗa a ciki yana mayar da aikin baya. Wanda gudawa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, kuma in gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa a garzaya da shi asibiti, domin kwalara tana iya kisa cikin awoyi.

Gyaran burtsatsen kanta aikin mai gida ne. A duba murfi da daɓe, a toshe tsagi, a kawar da kwata da juji daga kusa, a ɗaga bututun da ke kwance cikin ruwan datti. Tanki a zubar da ruwansa a wanke shi duk wata shida. Bayan haka ma'aikacin da ya san aikin ya zuba kulorin mai ƙarfi cikin ramin, a kunna famfo har warinsa ya fito a kowane baki, a rufe a bar shi awa 12 zuwa 24, sannan a zubar har warin ya tafi. Ba a gwadawa washegari, domin ragowar kulorin zai ba da sakamako mai kyau na ƙarya. A jira mako ɗaya zuwa biyu a sake ɗiba. In ƙwayar ta dawo bayan an yi haka sau biyu, ƙazantar daga ƙasa take shigowa, kuma zaɓi biyu ne ya rage: a saka na'urar da ke zuba kulorin a kai a kai kafin ruwan ya shiga tanki, ana auna shi ya tsaya tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a lita a bakin famfo, ko a bar ruwan burtsatsen ga wanki da ban-ɗaki, a jawo na Camwater don sha.